Wa ya tsinci ƙoƙon kan, wa ya ci sunan?

Assalamu alaikum. Iyayenmu malamai da ke zaune a gaba, 'yan uwa ɗalibai, barkanmu da yamma.

An ce in yi magana a kan ƙagaggun labaran nan masu sa bugun zuciya, waɗanda ake ginawa a kan binciken asalin ɗan Adam. Duk wanda ya karanta biyu ko uku ya san tafiyarsu. Masani ya tono ƙoƙon kai a wani kogo, kamfani mai kuɗi ya ji ƙishin-ƙishin, sai ɗakin gwaji a ɓoye, sai bin sawu da bindiga. Tun 1896 H. G. Wells ya share wannan hanya da labarin likitan da ya tare a wani tsibiri yana fiɗar dabbobi da ransu don ya mai da su mutane. Ina son littattafan nan, sun sha hana ni barci. Abin da ke damuna da su ɗaya ne: suna koya mana cewa mai cin amana a kimiyya mahaukaci ne da ke ɓuya a tsibiri, alhali a tarihi yawancin ɓarnar da rana tsaka aka yi ta, manya suna tafi.

Ban zo muhawara da malaman addini kan halitta ba. Batun amana ne ya kawo ni.

A 1912 wani lauya a Ingila, Charles Dawson, ya fito da gutsattsarin ƙoƙon kai da muƙamuƙi, ya ce a ramin tsakuwa na Piltdown ya same su. Manyan masana suka rungume su hannu bibbiyu. Sai a 1953 asiri ya tonu: ƙoƙon na mutum ne, muƙamuƙin na wani babban birin Asiya ne, orangutan, an goge haƙoran da magagari, an rina ƙasusuwan su yi kama da tsofaffi. Shekara 41 ke nan! Ƙaryar ta yi daidai da abin da zukata ke so, wato a ce tushen mutum mai babbar ƙwaƙwalwa a Turai yake. Shi ya sa da Raymond Dart ya bayyana ƙoƙon kan yaron Taung na Afirka ta Kudu a 1925, wanda na gaske ne, aka yi watsi da shi kusan shekara ashirin.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo. A 1906 an ajiye wani saurayi ɗan Kongo, Ota Benga, a ɗakin birai na gidan namun daji na Bronx a New York, jama'a suna tururuwar kallonsa. Limaman cocin baƙar fata ne suka tada jijiyar wuya har aka fitar da shi. Bai sake ganin gida ba. A 1916 ya harbe kansa. Duk sanda na zo nan a karatu sai na ajiye littafin.

To, mu dawo maƙwabta. Ranar 19 ga Yuli, 2001, mutum huɗu suna yawo a hamadar Jurab, arewacin Chadi: Bafaranshe ɗaya, Alain Beauvilain, da 'yan Chadi uku. Ɗaya daga cikinsu, matashi mai suna Ahounta Djimdoumalbaye, shi ya hango wani abu a cikin rairayi. Ƙoƙon kai ne na wata halitta da masana ke zaton tana cikin magabatan ɗan Adam, aka ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 7. Aka raɗa masa suna Tumai, wato fatan rayuwa a harshen Gorane. Ku ɗaga hannu, wa ya taɓa jin sunan Ahounta a ɗakin nan? Na ga hannu biyu. Sunan da duniya ta riƙe shi ne na Michel Brunet, shugaban aikin daga Jami'ar Poitiers ta Faransa, wanda ba ya wurin a ranar.

Kuma maganar ba ta ƙare a nan ba. Kusa da ƙoƙon an kwaso ƙashin cinya, aka jefa shi cikin na dabbobi. A 2004 wata ɗaliba a Poitiers ta lura da shi. Ku gane muhimmancinsa: ƙoƙon kai yana ba da alama ne kawai, ta inda ramin da lakar baya ke bi yake a ƙarƙashinsa, amma ƙashin cinya shi ne babban shaida kan ko halitta tana tafiya da ƙafa biyu. Duk da haka aka yi shiru da shi shekara da shekaru. Sai a 2020 wasu masana suka buga nazarin da ya ce mai ƙashin ba ya yawan tafiya a miƙe. A 2022 masanan da ƙashin ke hannunsu suka buga nasu, suka ce yana yi. Ni ba wanda ya fi gaskiya ne ya dame ni ba. Shekara 16 ɗin da shaida ta yi a kulle, su nake tambaya.

Na san akwai marubuta a cikinku, har na hango wasu a layin baya. Ga labari nan kwance, babu tsibiri a ciki, babu bindiga. Ku buɗe shi da safiyar nan ta Yuli, mota a tsaye, ruwa ya yi ƙasa a jarka, saurayi ya durƙusa yana share rairayi da yatsa.