Kada Kowa Ya Sake Sa Hannu a Takardar Bindiga Bai Nuna wa Lauya Ba

Ma'aji, ɗan riƙe rahotonka tukuna, za mu zo kansa. Akwai maganar da ta hana ni barci, kuma da yawanku kun ji ƙishin-ƙishin ɗinta a WhatsApp, an ƙara mata gishiri da barkono. Gara ku ji ta daga bakina.

Wani ɗan uwanmu, ba zan kama suna ba don iyalinsa na zaune a cikinmu, yana koyar da lissafi a wata ƙaramar gundumar makarantu can bayan gari, a nan jihar Teksas ta Amurka. Bara shugaban makarantarsu ya kira shi ofis, ya ce ana neman amintattun malamai da za su riƙa ɗaukar bindiga a ɓoye, da ɗan alawus a kan albashi. Ya ji daɗi an yarda da shi, wa zai ƙi? Ya je horo, ya sa hannu, bai nuna wa kowa takardar ba. Watan jiya ya shiga banɗakin malamai zai yi alwalar azahar, ya kwance bel, ya ɗora bindigar cikin kubenta a kan tankin ruwa. Aka buga ƙararrawar shiga aji, ya fito a gaggauce ya bar ta. Wani yaro ya leƙa ya gan ta, har ya ɗaga ta, sannan ya ruga ya faɗa wa wata malama. Allah ya kiyaye, ba ta tashi ba. Amma yau ɗan uwanmu yana gida an dakatar da shi, 'yan sanda sun ɗauki bayaninsa, iyayen yaron kuma sun nemi lauya.

Kun san yadda aka yi muka kai nan. Bayan harin bindiga da aka kai wata makarantar firamare a garin Uvalde na jihar nan ranar 24 ga Mayu 2022, inda aka kashe yara 19 da malamai biyu, majalisar Teksas ta yi doka a 2023 cewa kowace makarantar gwamnati sai an sami mai tsaro ɗauke da makami. To amma kuɗin da suka haɗa da dokar lokacin, dala 15,000 ce ga kowace makaranta, sai dala 10 a kan kowane ɗalibi. Wane ɗan sanda za ka ɗauka shekara guda da wannan? Sai dokar ta bar ƙofa: gundumar da ba ta da kuɗi ko ba ta sami ma'aikaci ba, ta ba wa ma'aikatanta bindiga. Hanya biyu ce. Akwai ta mashal ɗin makaranta, tun 2013 take, horon awa 80 da gwajin lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai kuma shirin Gadiyan, wanda hukumar gunduma ke tsara abinta, kwas ɗinsa awa 15 zuwa 20. Wannan na biyun ɗan uwanmu ya shiga. 'Yan uwanmu na Ohayo ma haka suke ciki: kotun ƙolin jiharsu ta ce malamin da zai ɗauki bindiga sai ya yi horon ɗan sanda, sama da awa 700, majalisa ta zo a 2022 ta mai da shi 24.

Awa 20, jama'a! A Uvalde jami'ai 376 ne suka taru, masu kaki da horo na shekaru, suka yi minti 77 ba su fasa ƙofar ajin ba. Shi ne malamin lissafi zai yi abin da ya gagare su, bayan horon da bai kai na koyon tuƙi ba.

Ni ba wannan ma ya fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne, idan abu ya lalace, wuyan wa zai hau? Gunduma tana da lauyoyinta, kuma dokar jiha ta yi mata katanga, da wuya a ci ta tara a kan sakaci. Lauyan gunduma gunduma yake karewa, ba kai ba. Inshora kuwa, ku tambayi mutanen Kansas: a 2013, da aka halatta wa malamai ɗaukar bindiga, kamfanin inshora na EMC, wanda ke riƙe da mafi yawan makarantun jihar a lokacin, cewa ya yi ba zai ba makarantar da ta yi haka inshora ba. Su da lissafin haɗari ne sana'arsu suka ja da baya. Kuma ko kana da ita, inshora ba ta zaman kurkuku a madadin kowa. Jami'in da ke gadin wata makaranta a garin Parkland na jihar Filorida, har gaban kotu aka kai shi don bai shiga ba lokacin da aka kai mata harin bindiga a 2018, sai a 2023 aka wanke shi. Ka harba ka sami yaro, laifi. Ka ƙi harbi, a ce ina amfanin bindigar.

Sannan ga namu na daban, wanda maƙwabcinka haifaffen ƙasar nan ba ya da shi. A Teksas, idan ka bar bindiga mai harsashi har yaron da bai kai shekara 17 ba ya kai hannu gare ta, laifi ne a rubuce. Idan ba a ji wa kowa ciwo ba, tara ce da ba ta wuce dala 500 ba. Ɗan ƙasa zai biya ya tafi gida. Ɗan uwanmu girin kad gare shi, wato katin izinin zama na dindindin, kuma a dokar shige da fice laifin bindiga yana cikin waɗanda ake korar mutum a kansu. Shi ya sa muka ce masa kada ya amsa komai, kada ya biya komai, sai lauyan shige da fice ya duba ya ga ko nasa ya faɗa ciki. Masu bizar karatu da ta aiki kuma, ku dokar tarayya ma ta hana ku riƙe bindiga, in ban da 'yan keɓe-keɓe. Kada wani ya ruɗe ku da alawus.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ranar da 'yan sanda suka kutso cikin makaranta suna neman mai harbi, suka ga baƙar fata da gemu riƙe da bindiga, kuna jin za su tsaya duba katin aikinsa? Philando Castile ma'aikacin ɗakin cin abincin makaranta ne a Minesota, yana da lasisi, da bakinsa ya faɗa wa ɗan sanda yana ɗauke da ita, aka harbe shi a cikin motarsa a 2016.

Wallahi abin yana yi min ciwo. Mu da muka kwana muna kiran gida lokacin sace ɗaliban Ƙanƙara da Jangebe da Kuriga, muna cewa alhamdulillahi namu suna nan lafiya, yau 'yata ce take dawowa tana nuna min yadda ake koya musu kashe fitila su ɓuya bayan kabad. A gida malaminmu bulala kawai yake riƙewa, ita ma muna ƙorafi. Ina alfahari da yadda Turawan nan ke yarda da mutanenmu su ba su amanar 'ya'yansu, mun ci wannan da guminmu. Amma yarda ba ta biyan kuɗin lauya.

Wannan ya kawo ni kan asusun ƙungiyarmu. Lauyoyi biyu yake bukata, na laifi da na shige da fice, kowanne yana son kuɗin kamu kafin ya buɗe fayil. Na tambayi ma'aji, abin da ke ciki ko ɗaya ba zai ɗauka ba. Fiye da rabinmu ba su biya kuɗin wata ba tun Ƙaramar Salla. Haba jama'a! Ranar walima kowa da sabuwar shadda, ranar biya kowa wayarsa ba caji. Hajiyoyinmu, ku kam kun biya naku, Allah ya saka da alheri, ku taya mu matsa wa iyayen gida.

Sauran rahoto a gurguje: an sabunta hayar zauren nan, ajin Hausa na yara yana nan ranar Asabar, kwamitin jana'iza ba sabon abu, Allah ya sa a daɗe haka.

Ga abin da nake roƙo. Duk mai aiki a makaranta, malami ne, direban bas ne, mai shara ne, idan an kawo maka takardar nan ka ce za ka yi shawara. Ka tambaye su a rubuce: wa zai biya lauya, inshorar ta ambaci ma'aikaci mai bindiga, kuma za ka iya fita ba tare da ka rasa aikinka ba? Ka kawo mana amsar mu kai wa lauya. Ɗan uwanmu kuma zai gana da na farko ranar Alhamis, ba zai je hannu rabbana ba. Ma'aji zai zauna a bakin ƙofa da littafi, mai kuɗi a hannu ya ba shi, mai tura kuɗi ta waya da Zelle ga lambar can a allo. Ma'aji, bismilla, karanta sunayen waɗanda ake bi bashi.