Lacca: Tsakanin Darakta da Jarumi a Kannywood

Assalamu alaikum. Malamaina, iyaye da ke nan gaba, da ku ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa.

Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, waɗanda suka fito a ciki 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ne da suka daɗe tare. Suna haɗuwa su yi gwaji, su maimaita, a gyara wa mutum magana da tsayuwa tun kafin a kunna kyamara. Wannan ita ce tarbiyyar da aka gada daga dandamali da gidajen talabijin, zamanin su marigayi Ƙasimu Yero da Samanja. Mai ba da umarni ya san muryar kowa, ya san wanda ke buƙatar tsawa da wanda sai an lallaɓa shi.

To me ya canza? Kasuwa. Da harkar kaset ta bunƙasa, ɗan kasuwa a Ƙofar Wambai ko Bata, inda ake cinikin fina-finai a Kano a lokacin, fuskar da ke kan fasta yake fara tambaya, sunan darakta kuwa bai dame shi ba. Daga nan ƙarfi ya koma hannun jarumi. Sai ka ga mutum ɗaya yana da lokeshan biyu a rana, ya iso a makare, a miƙa masa takarda a nan take, ya karanta a tsaye, a ce akshin. Jama'a, don Allah wane darakta ne zai fitar da kuka na gaskiya daga mutumin da bai san me ya kashe uwarsa a labarin ba? Wannan abu yana ci mini rai, domin muna da masu baiwa, lokaci ne ba a ba su.

Kuma akwai al'adarmu ta girmamawa. Sau da yawa daraktan yaro ne a gaban jarumin, wataƙila ma a ofishinsa ya tashi. Da wane baki zai ce wa ubangidansa, "Yallaɓai, a sake"? Wanda ya iya aikin yakan ja shi gefe su yi magana a asirce, ba a gaban ma'aikata ba, kuma dattijon kirki yakan karɓa.

Kada ku ɗauka ina cewa a ɗaure kowa da rubutu. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, in ka ƙulle shi da takarda ka kashe wasan. Irinsa sai a faɗa masa inda za a fara da inda za a tsaya, a bar masa tsakiya.

Yanzu da aka koma fina-finai masu dogon zango a YouTube da Arewa24, zaman ya zama na shekaru. Kun ga yadda masu kallon Labarina na Aminu Saira suka yi ta muhawara da aka sauya wadda ke fitowa a matsayin Sumayya. Saboda haka ku da za ku shiga harkar, ku rubuta yarjejeniya tun farko, da kwanakin aiki da kuɗi, ku kuma sa ranakun gwaji a cikin kasafin, a biya jarumi kuɗinsu kamar ranakun ɗauka.