Ajiye Guntun Kod a VS Code Don Shafukan Larabci

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga Madina nake gaishe ku.

Ga VS Code na buɗe, manhajar rubuta kod wadda Microsoft ta fitar a 2015. A fayil ɗin HTML, ka buga alamar motsin rai ka danna Tab, Emmet, mataimakin gajarta rubutun kod da ke cikin VS Code, zai zubo maka ƙashin bayan shafi gaba ɗaya. To amma dubi layi na biyu: harshen da ya sa Turanci ne. Mu kuwa a nan, aikin da ake kawo mana na masu masauki ne da masu jigilar alhazai, Larabci suke so, daga dama zuwa hagu. Akwai ranar da na miƙa aiki na manta ban sa dir="rtl" mai juya rubutu daga dama zuwa hagu ba, aya ta koma farkon jimla, mai aikin ya kira ni ana sallar la'asar. Tun ranar na ajiye nawa guntun kod, wato snippet, wanda zan riƙa kira da kalma ɗaya.

Danna Ctrl da Shift da P, ka rubuta snippets, ka zaɓi na saitawa, sannan html. Fayil ɗin JSON zai buɗe. A prefix ka sa kalmar kira, ni "larabci" na sa. A body ka jera layukan shafin, kowanne cikin alamar zance, da lang="ar" da dir="rtl". Kar ka bar charset utf-8, shi ke riƙe maka Larabcin, shi ke riƙe ƙ da ɗ da ɓ in ka haɗa da Hausa. Nan mutane ke tuntuɓe: duk alamar zancen da ke tsakiyar layi sai ka sa mata karkatacciyar sanda mai komawa baya a gabanta, in ba haka ba fayil ɗin zai yi ja.

Abin da ya fi burge ni shi ne alamar dala. $1 wurin da alƙalami, wato cursor, zai fara tsayawa, Tab ya kai ka $2, $0 kuma masaukin ƙarshe. Ka sa $1 a taken shafi da kuma babban kanu, ka rubuta sunan masaukin sau ɗaya, ya fito a wuri biyu. Daga TextMate, wata manhajar rubuta kod, aka gado wannan tsari.

Ajiye. Sabon fayil na HTML, rubuta "larabci", danna Tab. Ga shi nan, alƙalami na jiranka a taken shafi.