Reshen Aure da Saiwar Zaitun: Matsayin Yahudawa a Koyarwar Ceto

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake yi wa mangwaro aure ya san aikin: a tsaga jikin bishiya, a soka ɗan reshen da aka yanko daga wata, a ɗaure tam da leda har su kama juna. Da irin wannan misali Manzo Bulus ya amsa tambayar da ta hana shi sukuni, a wasiƙar da ya aika wa Kiristocin Roma wajen shekara ta 57.

Bulus Bayahude ne, daga kabilar Biliyaminu. Yesu ma Bayahude ne, haka manzanninsa goma sha biyu. Sai ga shi yawancin Yahudawa ba su karɓi Yesu a matsayin Almasihu ba, al'ummai kuwa, wato waɗanda ba Yahudawa ba, suna ta tururuwa. Shin Allah ya yi watsi da jama'arsa ke nan?

A sura ta 11 Bulus ya ce ko kusa. Isra'ila itacen zaitun ce. An sare wasu rassanta, aka ɗaura rassan zaitun na jeji a gurbinsu, wato al'ummai. Ya kuma ja kunnen reshen aure kada ya yi fahariya, domin saiwa ce ke ɗauke da shi, kuma Allah ba ya janye kyautarsa da kiransa.

Abin takaici, wannan jan kunne ya bi iska. Tun ƙarni na 2 aka fara koyar da cewa ikkilisiya, wato jama'ar Kirista, ta maye gurbin Isra'ila gaba ɗaya, aka riƙa ɗora wa dukan Yahudawa alhakin gicciye Yesu. Ba ƙaramin jini wannan magana ta jawo a Turai ba.

Bayan kisan Yahudawa miliyan 6 a zamanin Hitila, dole aka sake buɗe wasiƙar Bulus ga Romawa. A ranar 28 ga Oktoba 1965, babban taron Batikan na biyu, wato taron shugabannin Cocin Katolika, ya ce ba za a tuhumi dukan Yahudawan zamanin Yesu, balle na yau, da mutuwarsa ba. A 1986 Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya shiga babbar majami'ar Yahudawa ta Roma, ya kira su yayyenmu.

To, ta ina ceton nasu zai zo? A nan ake rabuwa. Yawancin Kiristocin Furotesta masu bishara sun tsaya a kan cewa Bayahude ma sai ya ba da gaskiya ga Yesu. Cocin Katolika ta ce Almasihu ne kaɗai hanya, amma a 2015 wani kwamitinta ya bayyana cewa ba ta shirya wa'azin tuba na musamman domin Yahudawa, yadda za su tsira kuwa asirin Allah ne. Kowane ɓangare yana riƙe da aya ta 26 ta sura ta 11, inda Bulus ya ce dukan Isra'ila za su sami ceto. Kalmar "dukan" ɗin nan, har yau malamai ba su daidaita a kanta ba.