Jawabi ga 'yan ƙungiya kan hoton da ke iya buɗe wayar mutum

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da wannan zama.

Maganata kan wayoyin da ke aljihunmu ce, da waɗanda muke aika wa iyaye da ƙanne a gida.

A watan Satumba na 2023, masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto da ke Kanada sun sanar cewa sun duba iPhone ɗin wani ma'aikacin ƙungiyar farar hula a Washinton, suka tarar da manhajar leƙen asiri ta Pegasus, wadda kamfanin NSO na Isra'ila ke sayarwa. Ta saƙon iMessage, wato manhajar saƙonni ta iPhone, mai ɗauke da hoto ta shiga. Mai wayar bai danna komai ba. Wayar ce da kanta ta karanta hoton, shi ke nan aka shige ta.

Ga yadda abin yake. A wajen waya, hoto tarin lambobi ne da aka matse, sai wata ƙaramar manhaja ta warware su kafin ka ga fuskar mutum. Akwai nau'in hoto mai suna WebP da Google ya fito da shi a 2010, manhajar da ke warware shi kuwa sunanta libwebp. Kafin ta fara aiki takan ware wani ɗan wuri a ƙwaƙwalwar na'ura don jadawalin da za ta bi. Masu kutse suka ƙera hoton da jadawalinsa ya fi wurin girma, ita kuma ba ta auna ba ta ci gaba da zubawa, kamar mai juye buhu a mudu har ya malala cikin kwanon na kusa da shi. Da abin da ya malalan ake cusa umarnin da ke miƙa wayar ga wani. An yi wa ɓarakar lamba CVE-2023-4863.

Abin ya yi faɗi ne saboda libwebp tana cikin manhajojin shiga intanet irin su Chrome da Firefox da Edge, da kuma Android da manhajoji masu yawa na kwamfuta, kowannensu ɗauke da kwafinsa. Apple ya fitar da gyaran iPhone, wato iOS 16.6.1, ranar 7 ga Satumba, Chrome ya biyo baya ranar 11, Android sai cikin Oktoba. Gyara ɗaya bai warkar da sauran ba, dole kowace manhaja ta karɓi nata.

To, yau kafin a watse, mai iPhone ya shiga Settings, General, Software Update, ya kunna sabuntawa ta kai tsaye. Mai Android ya shiga Settings, About phone, ya duba ranar da aka rubuta ta gyaran tsaro na ƙarshe. Idan ranar ta gabaci Oktoban 2023, wannan ƙofar tana nan a buɗe. Daga nan a shiga Play Store a sabunta manhajoji duka.

Inda aka fi samun tangarɗa shi ne wuri. Hotunan barka da Juma'a da bidiyon biki na zaurukan WhatsApp sun cika waya, gyara ya zo ya rasa masauki, ya tsaya shiru. A share a bar akalla giga biyu zuwa biyar, a sa caji, a hau wayafai. Sannan a kashe wayar a kunna. Chrome a kwamfuta yakan sauke gyara amma bai fara aiki ba sai an rufe shi an sake buɗewa, kuma akwai masu yin wata guda ba su rufe ba. Don Allah kada kowa ya danna mahaɗin da aka turo a zaure wai na sabuntawa ne. Ta cikin Settings ko Play Store ko App Store kaɗai ake yi.

Abin da ya fi damuna tsofaffin wayoyin da muke ba matafiya su kai gida. Wayar da kamfani ya daina aiko mata gyara ba za ta ƙara samu ba, ko da allonta na sheƙi. Mahaifiya kuma da ita za ta karɓi kuɗin da muke turawa, a kanta lambar banki ke shigowa. Kafin a sa waya a jaka, a sabunta ta a nan inda wayafai ke da arha, domin can giga ɗaya kuɗi ne. Haka kwamfuta mai Windows 10, wadda Microsoft ya daina ba ta gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025.

Matasanmu za su zauna a bakin ƙofa bayan addu'a. Iyayenmu, ku miƙa musu wayoyinku su duba muku ranar. Na gode, Allah ya kare mu.