Wa ke biyan 'yan TikTok ɗin Kano?

Jama'a, assalamu alaikum.

Duk wanda ya leƙa Kantin Kwari a 'yan shekarun nan ya ga sabon ma'aikaci a shaguna: yaro da waya a kan sanda, ga fitilar nan mai zagaye, yana warware turmin atamfa a gaban kyamara yana cewa, "Hajiya, wallahi ɗaya ya rage." Hajiyar tana Damagaram, ko Jidda, ko kuma tana nan Gwammaja rana ce ta hana ta fitowa. Ta tura kuɗi, a ba ɗan sahu saƙo ko a kai tasha. Mai shagon da ba shi da mabiya kuwa, sai ya nemi wanda yake da su, ya biya shi ya tsaya a bakin shago na minti ɗaya.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a garin nan. Dillaliya ce ta koma cikin waya. Ita ma ba ita ke saƙa zanen ba, jarinta shi ne an yarda da ita. Sai dai dillaliya in ta sayar miki da leshi mai zuba, kin san gidanta, kin san dangin mijinta. Wannan kuwa, in kika matsa da ƙorafi sai ya toshe ki.

To daga ina kuɗin ke fitowa? Da yawa suna zaton TikTok na biyan mutum gwargwadon yawan kallo. Tsarin nan akwai shi a Amurka, Ingila, Faransa da wasu ƙasashe ƙalilan, amma bai haɗa da Najeriya ba. YouTube na biya, bayan ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara guda. Facebook kuwa sai a 2024 ya buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar cin kuɗin talla. Ko a can ɗin ma, kallon da aka yi daga Kano bai kai na Landan tsada ba a wurin masu talla. Saura kyautar da ake jefa wa mutum in ya hau laif, fure ko zaki, wadda kamfanin ke zaftare kaso mai tsoka kafin ta iso hannu. Akwai kuma ta 'yan siyasa, wadda ba ta buƙatar dogon bayani: sojojin bakan da muka saba ji a rediyo sun samu ƙanne a waya.

Amma babbar rijiyar ita ce talla. Kuma mai kaya ba ya tambayar tarbiyyarka, mabiya nawa gare ka yake tambaya. Manhajar ita ma haka take. Abin da take aunawa shi ne wa ya tsaya ya kalla har ƙarshe, wa ya maimaita, wa ya yi sharhi, wa ya tura wa wani. Ba ta bambance yabo da tsinuwa. Kai da ka rubuta "Allah ya shirya" a ƙarƙashin bidiyon rawa, sannan ka tura shi zauren WhatsApp na 'yan ajinku don su ga yadda duniya ta lalace, ka ɗaga farashin tallar mai rawar ne. Shi ya sa faɗan 'yan TikTok ba ya ƙarewa, kuma wani faɗan ma shirya shi ake yi.

Hukuma ta gwada hanyoyi iri-iri. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa matasa biyu bulala 20 kowanne, da tarar naira 10,000, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon da suka yi a kan gwamna na lokacin, Abdullahi Ganduje. A 2023 Hisbah ta gwada lallashi, ta gayyaci 'yan TikTok zama. Farkon 2024 aka kama 'yar TikTok Murja Kunya, rikicin da ya biyo baya har ya kai Sheikh Aminu Daurawa ya ajiye shugabancin Hisbah, ya dawo bayan 'yan kwanaki da aka yi sulhu. Ku lura da abu guda: duk wanda aka kama, sunansa ƙara tafiya yake yi, har waɗanda ba su taɓa buɗe manhajar ba su san shi.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, gaskiya. Akwai masu koyar da girki da ɗinki, masu yanko karatun malamai, da masu haɗa wa marasa lafiya kuɗin asibiti cikin kwana ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a cika yi masa hayaniya ba. Rawa kowa na ganinta. Amma yarinyar da ke sanye da hijabi har ƙasa, tana riƙe da kwalba, tana rantsuwa cewa maganin nan ɗaya na kashe sanyi, da basir, da ciwon suga, ya kuma ƙara ƙiba, ita wa ya tambaye ta? Ga kayan mata, ga man bilicin, ga "zuba dubu hamsin ka kwashi dubu ɗari". An sha damfarar zuba jari ta MMM a 2016, aka sake shan ta CBEX a Afrilun 2025, kuma irin wannan tarko da bakin wanda aka yarda da shi yake yaɗuwa.

Doka tana nan. Tun 2022 aka kafa ARCON, hukumar kula da harkar talla ta ƙasa, a madadin tsohuwar hukumar APCON, kuma ƙa'idarta ita ce a tantance talla kafin a sake ta, har wadda za a ɗora a soshiyal midiya. Sannan in mai talla ya ɗago kwalba ya ce "ga lambar NAFDAC", ku duba da kyau. A maganin gargajiya, lambar da ke ƙarewa da harafin L tana nufin an gwada an ga ba ya cutarwa ne kawai, ba wai hukumar ta tabbatar yana warkar da abin da aka lissafa ba. Hakan ma a rubuce yake a jikin kwalbar, da ƙananan haruffa, a gefen da ba a juyo wa kyamara.