Karatun Tabo a Bangon Silinda

Wannan lacca ce da wani dattijon injiniyan ƙananan jiragen sama ya yi wa makanikai da ɗaliban fasaha a nan birnin Kano. Daga rikodin waya aka rubuto ta, an rage gaishe-gaishe.

Assalamu alaikum. 'Yan'uwana masu gareji da 'ya'yana ɗalibai, sannunku da zuwa. Na ji an ce wasu shago suka rufe a Ƙofar Ruwa suka taho, Allah ya saka da alheri.

Ƙarfen nan da ke kan tebur silinda ce ta injin Lycoming O-320, irin wanda ke kan jirgin Cessna 172 da yawa. Injin silinda huɗu gare shi, a kwance, biyu dama biyu hagu. Ba shi da lagireto, iska ke sanyaya shi. Saboda haka ku masu gyaran babur kun fi kowa kusa da aikinmu, sai dai ku idan inji ya mutu a Titin Zariya turawa gefe ake yi.

Da, abin da muka dogara da shi gwajin matsi ne. A kai fistin can sama, a hura iska mai ƙarfin 80 a ma'aunin matsi ta ramin fulogi, a duba nawa silindar ta riƙe. Sai ka ji an ce 74 bisa 80. Sannan a kasa kunne: idan iskar na fita ta salansa, bawul ɗin hayaƙi ne, idan ta kafireto, bawul ɗin shiga, idan kuwa ta bakin zuba mai kake jin huci, ringi ne. Gwajin yana da amfani, amma yau ya ba ka 62, jirgi ya yi shawagin awa guda ya dawo ya ba ka 70. A 2003 kamfanin Continental, mai ƙera injinan jirgin sama, ya fitar da takardar umarni cewa a riƙa haɗa gwajin da leƙawa da boroskop, wato 'yar kyamarar nan mai fitila da ake zurawa ta ramin fulogi. To daga nan wata sabuwar fitina ta taso. Kowa ya samu ido a cikin inji, amma ba kowa ya iya karanta abin da ya gani ba. Kyamarar tana kumbura abu, layin da bai kai silin gashi ba sai ya fito a allo kamar kwata.

Ni ma na faɗa wannan ramin, tun kafin kyamarorin su yi araha. Ina matashi na leƙa wata silinda, na hango layuka uku sun bi tsawonta. Na je na ce wa maigidana ringi ya karye. Ya ce ka tabbata? Na ce wallahi. Muka kwance bututun hayaƙi, muka kwance na shiga, muka zare silindar. Ringi lafiyarsa lau. Maigida bai yi faɗa ba. Ya kamo hannuna, ya ɗora farcen babban yatsana a kan layin, ya ce ja. Na ja, farce ya wuce sumul, ko tuntuɓe bai yi ba. Gogar sama ce kawai, ƙila wani ɗan ɓarɓashin gawayi ne ya bi ta wurin ya fice. Jirgin ya yi mako a ƙasa saboda rantsuwata. Kuma ku sani, cire silinda ba kamar cire taya ba ne. Dogayen kusoshin da ke riƙe ta su ne ke matse gidan karanshaf, idan aka yi sakaci wajen ɗaure su bisa ma'auni, bayarin na iya gocewa. Da yawa an ɓata lafiyayyen inji garin gyara.

Bango mai lafiya yana da wani zane na 'yan layuka masu giciye, kamar saƙar tabarma. Da gangan ake yin sa, shi ke riƙe ɗan man da ringi ke sulɓi a kai. Duk abin da ka gani ban da wannan, kafin ka ɗauki sifana ka tambaye shi: ina kake, ina ka dosa, wane launi ne da kai?

Maganar "ina kake" ita ce na fi so ku riƙe. Ku ɗauki bakin silindar kamar fuskar agogo. Tunda a kwance take, inda fistin ke jingina da ƙarfi shi ne sama da ƙasa, ƙarfe 12 da ƙarfe 6. Idan ka ga faffaɗar goga a nan, kamar an shafa toka, jikin fistin ne ya gogi bango, galibi saboda zafi ya yi yawa ko mai ya yi ƙaranci. Ka je ka duba farantan da ke karkata iska kan silindar, da robar bakinsu. Amma idan tabon yana ƙarfe 3 ko ƙarfe 9, miƙaƙƙe, mai faɗi ɗaya daga farko har ƙarshe kamar an ja shi da rula, wannan wata magana ce daban. Sandar da ke haɗa fistin da kwanrod ta nan ta dosa, kuma a kowane bakinta akwai ɗan murfi mai taushi da ke hana ta taɓa bango. Shi ke zana wannan layin.

An taɓa kawo mini irinsa. Mai jirgin ya tsorata, matsi kuwa yana 70 da wani abu. Na ce a yanko mini filtar mai. Muka zare takardar cikinta, muka wanke, muka baza ta a rana. Sai ga 'yan ƙyalli-ƙyalli a cikin ninkin, kamar ɓarɓashin da ke zuba a rumfar masu ƙera tukwane. Na kawo mayen ƙarfe, bai ɗauki ko ɗaya ba. Alminiyam ne ke nan, murfin ya fara cinyewa. Wannan silindar mun cire ta, kuma da hujja. Da filtar ta fito fes, hoto zan ɗauka, in rubuta a littafin inji, in sake leƙawa bayan 'yan awoyi.

Sai layukan da ke tafiya a zagaye, kamar zobe, ja-ja ko baƙi-baƙi, ɗaya kusa da ɗaya. Tsatsa ce, a daidai inda ringi ya kwana. Mutane na cewa Kano busasshen gari ne, ina tsatsa za ta fito? A bar jirgi a ajiye cikin markar Agusta a gani. Ƙonewar man jirgi ma kanta tana haifar da tururi, ya sauka cikin baƙin mai ya zauna. Idan tsatsar ta sama ce, tana gogewa. Idan ta yi ramuka, ƙarfen ya riga ya tafi. Ku kuma dubi fentin da ke jikin silindar ta waje: a tsarin Lycoming shuɗi na nufin ƙarfe ne da aka taurara fuskarsa, wanda ke saurin tsatsa, launin ruwan lemo kuwa an yi mata rufin kurom. Ita mai kurom ɗin wata tana da zane kamar fasasshiyar ƙasar fadama a bazara. Haka aka yi ta. Na ga yaron da ya rubuta "ta tsage" a kanta.

Ƙura kuma tamu ce. Jiragen saman sojan Ingila da suka fara zuwa ƙasar nan sun sauka a Kano a Nuwamban 1925, daidai bakin hunturu, kuma hazon da ya tarbe su bai je ko'ina ba. Aikin ƙura ba layi ɗaya ba ne, sai dai ka ga saƙar tabarmar nan ta shafe, bango ya yi santsi kamar madubi da ƙananan karce ko'ina, gwajin mai kuma ya nuna silikon, wato sinadarin yashi da ƙura, ya hau. Ka duba filtar iska da bakinta. Ka kuma tambayi matuƙin ko yana barin iskar ɗumama kafireto a buɗe a ƙasa, domin ita ba ta bi ta filta.

Na kusa mantawa da silindar nan da na sa aka cire a banza. Bayan mun sa sabon ringi, matuƙin ya riƙa lallaɓa injin don tausayi. Sabon ringi kuwa wuta yake so, kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari na ƙarfin inji, har sai shan mai ya daidaita. Da bai samu ba, mai ya ƙone a bango ya zama wani ƙyalli launin zuma, injin ya koma shan mai kamar rijiya. Sai da muka sake cire ta.

Daga nan wani makanike ya ɗaga hannu: Baba, idan jirgi na ajiye, ba sai a riƙa juya farfela da hannu ba, ko a tayar da shi minti biyar?

A'a, ɗana. Juyawa da hannu share ɗan man da ya rage a bango yake yi. Tayarwa a ƙasa kuma ba ta kai mai zafin da zai kori ruwan, ƙara shi ma take yi. Lycoming cewa suka yi jirgi ya tashi aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, ya yi awa guda cur man na tsakanin digiri 165 da 200 a ma'aunin Farenhait. Idan ba zai samu ba, a zuba masa man ajiya a toshe kafofinsa.

To, ga silindar nan, a fara daga layin gaba. Akwai layi biyu a ciki, ɗaya a ƙarfe 6 ɗaya a ƙarfe 9. Kowa ya sa farce, kada wanda ya faɗa wa na kusa da shi abin da ya ji sai ta zagayo. A yi hankali da fiffiken sanyayawa da ke jikinta, yana yanka.